Koren Ɗigo a Gefen Sunanta

Injiniya, 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, da ke da aikin yawon naki. Mu nan mun gode Allah. Gwiwa tana nan tana yi min gardama a matakalar makaranta. Kunnen hagu kuwa ya riga ni yin ritaya, shi ya sa ba na son waya, ke ki yi ta ihu ni in yi ta cewa "na'am?". Da hannu na rubuta, Antinki za ta ɗauki hotonta ta turo miki. Tana gaishe ki, ta ce a faɗa miki ki riƙa cin abinci.

Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Da aka koma makaranta ba a samu wanda zai maye gurbinta ba, sai shugaban makaranta ya ce in riƙe ajinta na labarin ƙasa tunda ni ne yayanta, sai ka ce darasi ma gadonsa ake yi. Ni da tarihi na sani, amma na karɓa.

Ranar Litinin ajin ke shiga ɗakin kwamfuta. Kin san ɗakin, ke kika shirya mata shi da kika zo hutu: injina a jere jikin bango, yara bibbiyu ko uku-uku a kan kowanne, da allon haɗin gwiwar nan da kowa ke rubutu da nasa launin, majigi yana haska shi a farin bango. Na shiga da alli a aljihu, da niyyar in ce a kashe injinan mu yi karatu irin na mutane. Ban kai ga buɗe baki ba wata yarinya ta ce, "Malam, Malama ta turo."

Na waiga. A saman allon, ƙarƙashin sunanta da ɗan hoton nan nata, ga sabon rubutu da kwanan watan ranar: "Barkanku da safiya, matafiyana. Ruwan da ya sauka a rufin gidanku, ina yake zuwa? Ku bi shi a kan taswira har inda ya ɓace muku."

'Yata, ni na sa ta a kabari da hannuna. Na zauna a kujerarta. Na ja aljihun tebur don in samu abin da zan kalla ban da bangon, sai ga ledar maganinta da ba ta ƙarasa sha ba. Na mayar na rufe.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yaran. Ko gezau. Suka sunkuyar da kai suka kama aiki, shuɗi da ja da rawaya suna ta tafiya a kan taswira, har ana gardamar ko kwatar bayan kasuwa gabas take bi ko yamma. Ni ina zaune kamar baƙon da ya shigo ajin wani.

Litinin da ta biyo baya ma haka. Wata tambayar ta sake fitowa, a kan iska wannan karon, da irin maganarta sak.

Ni ba mai yawan tsoro ba ne, kin sani. Amma yanzu tun daren Lahadi nake fargabar shiga ɗakin nan. Ki yi min bayanin abin nan da Hausar da zan gane, sannan ki rufe shi. Wanda ya tafi a bar shi ya huta.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. A gaishe min da Anti, a ce mata ina ci, ba dai kamar nata ba. Gwiwar nan kuma ka daina jayayya da ita, ka nemi a mayar da kai ajin ƙasan bene.

Ka kwantar da hankalinka, babu wani abin ban tsoro. A allon akwai wurin da malami zai rubuta tambaya yau, ya sa mata ranar da za ta fito, ko da wata nawa ne nan gaba. Lokacin da Mama take asibiti ta kira ni ta ce in koya mata. Na ɗauka na makon da za ta kwana a can take so. Ashe zama ta yi a kan gadon nan ta rubuta na zangon da ta san ba za ta gani ba. Ban sani ba sai da na karanta takardarka. Ina cikin motar zuwa aiki na karanta, sai da na wuce inda zan sauka.

Ka ce yaran ba su ji tsoro ba. Ba rashin imani ba ne, Kawu, sun san yadda abin yake. Kuma ka duba abin da suka yi: aji guda ya zana taswira ɗaya, suna gardama a kan kwata! Wallahi wannan shi nake yawo gari-gari ina roƙon malamai su gwada. Jiya ma ina gaban wasu malamai a wani zauren taro mai fanka ɗaya, wani dattijo irinka ya naɗe hannu ya ce shi ba zai bar inji ya ƙwace masa aji ba. Na ce masa injin ba ya koyar da kowa, wuri kawai yake buɗewa don yaron da ba ya ɗaga hannu ya samu inda zai sa baki.

Tunda ajin na hannunka, ga abin da Mama take yi. Ba ta barin mai saurin hannu ya mamaye madannai, kowane rukuni akwai mai rubutu da mai bincike da mai kawo suka, kuma suna musanya. In sun gama, sai kowane rukuni ya shiga aikin wani ya bar tambaya, ba gyara ba. Ita kuma ta fara amsa wa waɗanda ba a jin muryarsu kafin 'yan gaba-gaba. Na buɗe maka shafi da sunanka, kalmar sirrin tana wayar Anti. Na san yatsa ɗaya za ka riƙa sawa kamar kaza na tsince tsaba. Ba laifi, haka Mama ta fara.

Maganar rufewa kuwa. Na rubuta layin nan na goge ya fi a ƙirga. Ka san ban samu ganinta ba, jirgina ya sauka an riga an dawo daga maƙabarta. Ban da komai nata a nan, ko mayafi.

Kawu, don Allah ka bar min ita.

'Yarka.

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai Antinki da mura ta kwantar kwana biyu, ta miƙe. Na gode da bayani. Na ji kunyar kaina, tsoho da gemu yana gudun agogon inji.

Kin ce in bar miki maganar, na bar miki. Na je na faɗa wa shugaban makaranta cewa 'yar marigayiya da kanta za ta rufe shafin, ya ce madalla, dama wasu iyaye sun fara ƙorafi.

Kafin ki rufe ɗin, na gwada abin da kika ce. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi aiki. Na sa su musanya kujera, mai surutu ya koma mai bincike, sai ga shi yana ta zufa. Na rubuta musu sharhi da yatsana ɗaya, na yi kuskure a kalma, kafin in ɗaga kai yara huɗu sun gyara min da launi huɗu. Aka yi dariya, har da ni. Rabon da a yi dariya a ajina na manta.

Akwai wata yarinya da nake so ki sani. Tana zama bakin taga, 'yan ajin suna ce mata Shiru. In'ina gare ta mai tsanani, tun da na karɓi ajin ban ji ta haɗa jimla ba. Amma a allon, da launinta ruwan goro, ta fi kowa zuba. Ita ce ta bi ruwan rufinsu har ta kai shi rafin bayan gari. Na lura kuma akwai wani lungu a allon, inda yaro kan bar wa malami saƙo, tana rubutu a wurin kowane mako. Ba ni take rubuta wa ba. "Malama" take cewa. Na ga abin, na kawar da kai, na ce yarinta ce, za ta gaji.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuto miki.

Shekaranjiya muna tsakiyar darasi, rana tsaka, ƙofa a buɗe, sai ajin ya yi tsit. Kin san ɗan koren ɗigon nan da ke kamawa a gefen sunan wanda ya shigo allon? Ya kama a gefen sunan mahaifiyarki. Kowa ya gani, a bango, ƙato. Ya ɗan jima sannan ya mutu.

Na duba Shiru. Ita kaɗai ce ba ta kallon bango, murmushi take yi wa injin gabanta. Da aka tashi na buɗe lungun saƙon. A ƙarƙashin wata tambayarta ta kwanakin baya akwai amsa, da sunan marigayiya: "Daidai ne, matafiyata. Rafin nan ma ba nan ya tsaya ba. Ci gaba da binsa." Na yi ƙasa, sai na ga akwai wasu amsoshin bayanta.

Kin ce ana rubuta tambaya a sa mata rana. Na yarda. To amsa fa? Yaya za ta amsa tambayar da ba a yi ba sai bayan an binne ta? Na karanta kalmomin nan ya fi sau goma. Nata ne. Haka take magana tun muna yara, ba ta taɓa ce wa mutum "ka yi ƙoƙari" ta tsaya ba, sai ta ƙara masa wani aikin.

Ban faɗa wa Antinki ba, na ce mata lissafin jarrabawa ne a takardar, kada ta karanta. Ki amsa min da wuri.

Kawunki.

*

'Yata,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, ban ji daga gare ki ba. Antinki ta kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. In ba ki da lafiya ki sa wani ya faɗa mana. In kuma wata magana tawa ce ta ɓata miki rai, ni kawunki ne, ki faɗa min a fuska.

Abin ya girma. Mahaifin Shiru ya zo makaranta. Mai walda ne, ya shigo ofishin shugaba da kayan aikinsa a jiki, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce yarinyar ta daina cin abincin kirki. Da ta dawo gida sai ta karɓi wayarsa ta zauna bayan ƙofa tana jiran ɗigon ya kama. Uwarta ta tambaye ta wa take jira, ta rubuta mata a takarda: "Malama."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san wanda ya mutu ba ya rubutu. To wane ne yake wasa da hankalin 'yata?"

Shugaba ya ce, "Ba kai ka ce min an rufe ba?" Na ce haka aka ce min. Ya ce, "Teburin marigayiya a hannun wa yake?" Kin ji fa. Wai ƙila ta bar kalmar sirrinta a aljihun tebur, ni kuma baƙin ciki ya sa ni abin da bai dace ba. Bai faɗa ƙarara ba, amma a ɗakin malamai yanzu in na shiga sai hira ta koma ta ƙwallo.

An sa wa ɗakin kwamfuta kwaɗo. Ba ajina kaɗai ba, makarantar duka. Malamin kimiyya da ya fara gwada allon da ɗalibansa ya daina gaishe ni.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Shekara talatin da wani abu ina koyarwa, sunana zai iya ɗaukar ƙura. Abin da ke damuna shi ne ni ma na fara jira. Ranar Litinin na wuce ta gaban ɗakin a kulle, na tsaya na leƙa ta taga. Bango fari fat, babu komai. Na ji bakina yana cewa, "Ƙanwata, kina nan?" Da rana, yara suna wucewa ta bayana.

Na duba saƙon Shiru na ƙarshe a wayar Antinki. Ba tambayar darasi ba ce. Cewa ta yi, "Malama, akwai sanyi a inda kike?" Ba a amsa ba tukuna. Ina tsoron a amsa, ina kuma tsoron abin da zai same ta in ba a amsa ba.

Ki yi magana, don girman Allah.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ka gafarce ni da na bar ku cikin zullumi. Ina ganin kiran Anti, hannuna ne ya kasa ɗauka. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ni ce, Kawu. Ni nake amsawa.

Da na ce ka bar min ita, ba maganar nake nufi ba. Mama nake nufi. Sai da na ga takardarka na gane yadda ka karanta, lokacin kuma ka riga ka faɗa wa shugaba, ni kuma na riga na fara.

Kalmar sirrinta tana wurina tun ranar da na buɗe mata shafin. Na shiga ne in ga tambayoyi nawa suka rage. Ina ofis, lokacin hutun rana, abinci a gabana. Sai na ga saƙon yarinyar. Ta rubuta, "Malama, na san ba za ki amsa ba, amma na kai rafin. Daidai ne?" Mako biyu yana nan ba wanda ya tanka. Na ce bari in rubuta kalma ɗaya kawai. Ban yi tunanin me zan ce ba, yatsuna ne suka tafi. Da na karanta abin da ya fito sai na ga ba ni ce na yi maganar ba. Ban taɓa ce wa kowa "matafiyata" ba a rayuwata.

Na rufe injin na ce ba zan ƙara ba. Washegari na koma. Duk lokacin da na shiga da sunanta, sai in ji kamar tana tsaye a bayan kujerata tana karanta abin da nake rubutawa, har ina jin ƙamshin man da take shafawa a hannu. Ba don yarinyar nake yi ba, kada in yi maka ƙarya. Don in ji muryar nake yi. Ranar da ɗigon ya kama a gabanku, mantawa na yi lokacin darasinku ne.

Ka san abin da na fi nanata wa malamai a kowane taro? Kada wanda ya shiga da sunan wani. Yaro yana buɗe cikinsa a allon nan ne don ya san da wa yake magana, ranar da ya daina sani an gama. Makon jiya ina tsaye gaban malamai na kai wannan gaɓar, sai na tsallake ta. Na ce musu a tafi shan ruwa.

Tambayar sanyin nan na gan ta ranar da ta rubuta. Na ɗora hannu a madannai, kuma wallahi amsa ta zo, da muryar Mama, a shirye. A nan na ji tsoron da kake faɗi. Na cire hannuna na zauna a kansa kamar ƙaramar yarinya. Tun ranar ban sake shiga ba, kuma ban iya rubuto maka ba.

Yau da safe na shiga na ƙarshe. Na daskarar da shafin: duk abin da ta rubuta yana nan a karanta, amma ba mai sake shiga da sunanta, ko ni. Ɗigon ba zai ƙara kamawa ba. Tambayoyin da suka rage na kwafe na tura wayar Anti, ka yi yadda ka ga dama da su. Amsoshin da ni na rubuta na sa musu sunana a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Na rubuta wa shugaban makaranta da mahaifin yarinyar, kowa da tasa, suna tare da wannan. Ka karanta kafin ka miƙa. In ka ga ya dace in rubuta wa ita kanta, ka faɗa min. In ka ce in yi nesa da ita, zan yi.

Na jawo maka zargi da tsufanka. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba.

'Yarka.

*

Injiniya, 'yar ƙanwata,

Salamu alaikum. Muna lafiya. An mayar da ni ajin ƙasa, gwiwa ta samu abin da take so. Antinki ta san komai yanzu, ta yi kuka, ta ce in faɗa miki ki ɗauki waya in ta kira ko ta zo da kanta ta ja miki kunne.

Na jinkirta amsa da gangan. Ranar da na karanta takardarki, da na rubuta miki a lokacin, da kin ga abin da ba za ki manta ba. Na yi fushi ƙwarai. Daga baya na zauna na tambayi kaina, da ni ke da kalmar sirrin nan, kuma yatsuna suna da sauri irin naki, me zan yi? Ni da na tsaya a taga ina kiran ta. Na yafe miki. Amma abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma yarinya ce ta biya.

Na kai wa shugaba takardarsa. Ya karanta, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Na ce ya wuce. Ta mai walda kuwa ban aika ba, da ƙafata na je rumfarsa. Ya kashe wutar aikinsa, ya ba ni benci, na karanta masa da kaina. Can ya ce, "Ashe marainiya ce ta yi rubutun." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ta rubuto wa 'yata tukuna." Na ce an ji. Ke ma kin ji.

An cire kwaɗon, da sharaɗin kowane malami ya riƙe shafinsa shi kaɗai. Malamin kimiyya ya dawo da gaisuwa, har yana tambaya ko za ki duba masa wani abu.

Litinin da muka koma ɗakin, kafin a taɓa inji na tsaya a gabansu na faɗi gaskiya. Na ce tambayoyin na Malama ne, ta rubuta su a gadon asibiti saboda su. Amsoshin baya-bayan nan kuwa 'yarta ce, kewa ta yi mata yawa, ta yi kuskure, tana neman gafararsu. Na ce daga yau ni zan riƙa kawo tambayoyin da suka rage, da sunana, in ce ga abin da ta bar mana. Wani yaro ya ce, "To Malam in sun ƙare fa?" Na ce sai mu yi namu.

Duk wannan bayanin Shiru tana kallon taga. Ba ta taɓa madannai ba ranar, ba ta taɓa ba mako na gaba. Launinta ya ɓace daga allon. Mahaifinta ya ce ta koma cin abinci, amma ba ta ko kallon wayar. Na ce a raina mun kashe wa yarinyar nan bakin da take da shi guda ɗaya.

Jiya bayan an tashi ina kashe injina, sai na ga ba ta fita ba. Ta zo ta tsaya gefen tebur. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi, ta runtse ido ta sake. Ban taimaka mata ba, na jira. Da ƙyar ta fitar: "Wa... wanne ne... nata na ƙarshe?"

Na gane. Muka zauna, na buɗe lungun saƙon, muka yi ta hawa sama muna wuce waɗanda kika sa wa sunanki, har muka kai inda babu sunanki. Kwanan watan na makon da aka kwantar da mahaifiyarki ne. Ba wata babbar magana ba ce. Cewa ta yi: "Ki ƙara girman rubutunki, matafiyata, idona ba ya gani sosai yanzu. Amma ina karantawa."

'Yata, kin san idonta ya fara tafiya? Ni ban sani ba. Kullum ina gefen gadon nan, tana riƙe da wayar dab da fuskarta, ina yi mata faɗa ta ajiye ta huta. Ba ta faɗa min ba. Amma ta faɗa wa yarinyar bakin taga.

Shiru ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta yi kuka ba, ni ne na juya ina neman abin da ban ajiye ba a aljihun tebur. Da na waigo ta ja madannai gabanta, ta buɗe tambayar makon nan, wadda ke ƙarƙashin sunana, ta fara rubuta amsa da ruwan goronta. Manyan baƙaƙe, kowanne kamar babban yatsa. Na bar majigin a kunne har ta gama.

Har yanzu in na shiga ɗakin idona yana zuwa gefen sunan mahaifiyarki. Na san babu abin da zai kama. Ina dubawa dai.

Ki nemi hutu ki zo. Ba don makaranta ba, ko da yake malamai suna ta tambaya. Ɗakin kwananta yana nan a kulle yadda ta bar shi, makullin yana aljihuna, na je bakin ƙofar ya fi sau nawa ina juyowa. Ni kaɗai ba zan iya buɗewa ba. Ki zo mu buɗe tare.

Kawunki.